Kajina sun hana mu barci, maigida ya ce in rabu da su

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Gumel, 'ya'yana biyu. Da aka kai ni ɗaki, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ba ni kaza ɗaya da zakara. Daga su ne yanzu nake da kaji 8 da zakaru 3, kuma da su nake zubin adashe. Tun tsakiyar damina suka canza: sai susa, gashi yana zuba, zankonsu ya yi fari, ga wasu baƙaƙen abubuwa sun manne a gefen idanunsu. Wadda ke kwanci ta tashi ta bar ƙwai 11. Akurkin yana jikin bangon ɗakinmu, yanzu wasu ƙananan ƙwari suna shigowa suna cizon yara da dare. Na yi wa guda biyu wanka da sabulun wanki, ɗaya ta kwana ta mutu. Maƙwabciyata ta ce in fesa musu fiya-fiya. Maigida kuwa ya ce kafin ƙarshen wata in sayar da su duka. Gwaggo, ba kuɗin ne ya dame ni ba, su kaɗai suka rage mini daga hannun Inna. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Layinki na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. Wanda bai taɓa riƙon abin da mamaci ya bari ba zai ce ai kaza ce kawai, a kasuwa ma akwai irinta. Ni na san ba haka ba ne. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana yana da magani, kuma yawancin maganin yana cikin gidanki.

Maganar fiya-fiya ki ajiye ta gefe tun yanzu. Guba ce mai shiga jiki ta fata da ta numfashi, ba sai an sha ba. Akurkinki yana manne da ɗakin da yaranki ke kwana, abin da kika fesa a can shi za su shaƙa har gari ya waye. Kajin da jininsu ya riga ya ragu ba za su jure ta ba, wadda ta tsira kuma ƙwanta da namanta cikinku za su koma. Haka kananzir da baƙin mai da wasu ke shafa wa kaza a jiki: suna ƙona fata. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, ki yi mata godiya, amma kada ki yi.

Wankan ruwa ma kada ki ƙara. Ba na so ki riƙa ɗora wa kanki laifin wadda ta mutu, tausayi ne ya sa kika yi. Amma ki san dalili. A gindin jelar kaza, ta sama, akwai wani ɗan tsiro mai fitar da mai. Idan kin ga ta juya wuya ta taɓa wajen da baki sannan ta bi gashinta ɗaya bayan ɗaya, wannan man take shafawa, shi ke sa gashin ya kwanta ya riƙe mata ɗumi. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, ya fi namu. Sabulun wanki yana kwashe man nan kaf, gashi ya jiƙe har fata, iskar dare ta bi ta kanta. Lafiyayyar kaza tana iya tsallakewa. Wadda ƙwari suka riga suka shanye wa jini, sanyin dare ɗaya ya ishe ta. Kaza da ƙasa take wanka, zan dawo kan wannan. Ruwa sai in kashi ya daskare mata a ƙarƙashin jela, shi ma wajen kaɗai za ki wanke da ruwan ɗumi, da hantsi, ki goge ta, ki bar ta a rana ta bushe.

Yanzu ga aikin da nake so ki yi yau da dare. Bayan sallar isha'i, idan gida ya yi tsit, ki ɗauki tocila da farin ƙyalle ki je akurkin. Ki haska bango, ki haska tsagogi, ki haska ƙarƙashin sandar da suke hawa in akwai, da cikin kwandon da mai kwancin ta gudu ta bari. Sai ki goga ƙyallen a ƙarƙashin sandar da bakin tsagogin. Idan kin ga jan zane-zane a jikinsa, jinin kajinki ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi sharrin ƙwarin kaji ba a jikin kaza suke zaune ba. Da rana ki kama ta ki duba, sai ki ga ba wani abin kirki, ki ce to me ke cin ta? Suna cikin bango. Akwai wasu ƙanana ƙwarai, kamar ɗigon garin barkono, masu launin toka idan suna jin yunwa, su koma ja idan sun ƙoshi. Akwai kuma kaskar kaji, faffaɗa, mai laushin jiki, wadda ƙasarmu mai zafi da akurkin laka suka yi wa daɗi. Dukansu da dare suke fitowa, su sha jini, su koma maɓoya kafin asuba. Ƙananan suna iya yin watanni ba su ci komai ba, kaskar kuwa har fiye da shekara, tana jira. Don haka ko da kin sayar da kajin nan duka gobe, ba ki rabu da su ba. Hasali ma idan suka rasa kaza, ɗakinku za su ƙara nufa. Ki riƙe wannan maganar, za ki buƙace ta wajen maigida.

Ni ma na taɓa shan wannan, shekarun baya. Ina da wata wake-wake mai kyan kwanci, ba ta taɓa barin ƙwai ba. Wata safiya na same ta a kan ƙwanta ta mutu, zankonta fari fat kamar an wanke. Da na sa aka ɓanɓare yaɓen akurkin, abin da na gani a ƙarƙashinsa kamar an zuba riɗi, yana motsi. Kwana 21 kaza ke yi a kan ƙwai, ba ta tashi sai sau ɗaya ko biyu a yini, ga ta nan zaune wuri ɗaya dare da rana ana shan jininta. Taki da ta tashi ta bar ƙwai 11 ranta ta ceta. Ƙwan da suka kwana biyu a sanyi kuwa ki haƙura da su, ki binne.

Baƙaƙen abubuwan da ke gefen idanunsu ƙuma ce, irin mai kafa baki a fata ta zauna ba ta motsi. Tana son wajen da ba gashi: gefen ido, zanko, da naman da ke reto a ƙarƙashin baki. Ƙwanta yana faɗawa ƙasa, 'ya'yanta su girma cikin shara da kashin kajin da ke daɓen akurki. Tana kama kyanwa da kare, tana kuma cizon ƙafafun yara. Maganinta a jikin kaza mai sauƙi ne. Ki sami man basilin ko man kaɗanya, ki lakata da ɗan tsinke mai auduga, ki shafe su da kauri, ki kula kada ya shiga ido. Mai yana toshe musu numfashi. Kada ki cizge su da ƙarfi suna raye, fatar za ta yi rauni. Ki maimaita kullum, za ki ga suna mutuwa suna zuba.

Sannan ki ɗaga fiffike, ki buɗa gashin ƙarƙashin jela. Idan kin ga wasu masu launin ƙasa-ƙasa suna gudu a kan fata, da farin abu dunƙule a gindin gashi kamar an manna gishiri, ƙwarƙwatar kaji ce da ƙwanta. Ita a jikin kaza take rayuwarta duka, kuma ba ta zama a kan mutum, kada ki ji tsoro don kan yaranki. Ki duba ƙafafu ma. Idan ɓawon ƙafar ya ɗaɗɗago ya yi kaushi kamar busasshen kututture, wasu ƙwari ne da ido ba ya gani suka shige ƙarƙashinsa. Su ma mai ne maganinsu, ki shafa daga yatsu zuwa gwiwa duk bayan kwana biyu ko uku har tsawon makonni. Kada ki ɓanɓare ɓawon, da kansa zai faɗi.

To, akurkin. Gaskiyar magana, shawarata ki rushe shi. Na san aiki ne, amma tsohon akurkin laka da ya tsattsage, ga shi kuma jikin ɗakin kwana, bai cancanci a yi ta lallaɓa shi ba. Ki kwashe duk abin da ke ciki, shara da tsumma da kwandon kwanci, ki kai nesa ki ƙone. Kada ki zuba a bola, za su dawo da ƙafarsu. Kafin a rushe, a zazzaga tafasasshen ruwa a tsagogi. Ɓaraguzan a fitar da su daga gidan. Bangon ɗakinku da akurkin ya jingina da shi a kankare, a bi shi da ruwan zafi, a sake yaɓe, a toshe kowace kafa, a shafa farar ƙasa. A cikin ɗakin kuma ki fitar da tabarmi da katifa su sha rana, ki wanke zannuwan gado da ruwan zafi.

Sabon ki gina shi a can ƙarshen gida, inda ya fi nisa da ɗaki da madafa, a kan ɗan tudu don kada ruwa ya kwanta. Ki sa a yi masa yaɓe sumul ciki da waje, da tagogi biyu masu ragar waya don iska ta ratsa, da ƙofar da hannunki da tsintsiya za su kai kowane lungu. Akurkin da tsintsiya ba ta kaiwa ƙarshensa shi ne gidan kaska. Ki gitta musu sanda mai santsi, kamar kamu biyu daga ƙasa, wadda za ki iya cirewa ki wanke, ki riƙa shafa mai a bakinta biyu inda ta haɗu da bango. A ƙasa ki zuba buntun shinkafa ko busasshen yashi. Kada ki mayar da su sabon wuri sai kin gama yi musu magani a jiki. Kwanakin da ake ginin su kwana a ƙarƙashin babban kwando ko keji, nesa da tsohon wurin.

Ki je asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko shagon magungunan dabbobi da ke da malami a ciki, ki ce kina son hodar ƙwarin kaji. Wasu daga cikinsu suna da sinadarin fametirin. Ki bi abin da aka rubuta a jiki, ki tambayi malamin ko akwai kwanakin da za a dakata da cin ƙwai. Da dare ake sa musu, lokacin da suka natsu: ƙarƙashin fukafukai, ƙarƙashin jela, bayan wuya, ki cusa ta har fata, ki kare fuskar kazar da taki. Dukansu za ki yi wa, har wadda kike ganin lafiyarta ƙalau. Bayan kwana 7 zuwa 10 ki maimaita, domin hodar ba ta kashe ƙwan ƙwarƙwata, sai sun ƙyanƙyashe zagaye na biyu ya same su. A nan mutane ke faɗuwa: su yi sau ɗaya, su ga sauƙi, su manta, bayan wata guda su ce maganin jabu ne. In kina da kyanwa ki nisanta ta da hodar, tana yi mata illa sosai.

Na ce zan dawo kan wankan ƙasa. Ki tuna yadda kajin Inna suke yi a gindin murhu da rana tsaka: kaza ta tona ɗan rami, ta kwanta a gefe ɗaya, ta riƙa watsa ƙura da fiffike har ta shiga cikin gashinta, ta lumshe ido, sannan ta miƙe ta girgije. Wannan shi ne wankanta da kitsonta. Ƙurar tana tsotse maiƙon da ya yi yawa, tana kakkaɓe ƙwari. Kin ce tun tsakiyar damina abin ya fara, kuma ban yi mamaki ba: tsakar gida ta jiƙe, ba busasshiyar ƙasa ko ta magani, akurki ya yi danshi. Ki sami tsohuwar taya ko fasasshen baho, ki cika da busasshen yashi mai laushi kashi uku, tokar itace da kika tankaɗe kashi ɗaya, ki ajiye a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya taɓawa. Tokar ta zama ta itace ko kara zalla, ban da wadda aka ƙona leda ko roba a ciki. Kuma ki kiyaye kada ta jiƙe. Ke kin san ƙarfin ruwan toka, to haka yake cin fatar kaza. Wasu suna haɗawa da busasshen ganyen darbejiya, su kuma shimfiɗa shi a wajen kwanci. Ni ma ina yi, yana taimakawa, amma ba zai maye gurbin shara da hoda ba idan abu ya riga ya yi yawa irin naki.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba. Zakaru 3 sun yi wa kaji 7 da suka rage miki yawa. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Ki duba bayan kajinki da ƙeyarsu: idan a nan gashin ya fi tsigewa, ba ƙwari kaɗai ba ne, hawan zakaru ne ba hutu. Ki zaɓi mafi kyau ki bari, biyun ki fitar. Kuɗin ɗaya ya sayi ragar waya da hoda. Jinin kajin Inna yana nan a cikin waɗanda suka rage, ba abin da ya ragu.

Bayan an wuce wannan, abin da zai hana shi dawowa ɗan aiki ne na kullum wanda bai kai dahuwar shayi ba. Da safe kafin ki buɗe musu, ki wanke kaskon ruwa ki zuba sabo. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafi, kuma tana shan ruwa kusan ninki biyu na abin da take ci, a bazara ma fiye. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kazar da ta wuni da ƙishi ba za ta yi miki ƙwai ba. Idan kin buɗe ƙofa kada ki juya, ki tsaya ki ga fitowarsu. Lafiyayya da gudu take fita. Wadda ta tsaya a baya, ta saki fukafukai, ta takure wuya, ki ware ta a ranar. Ki kalli kashin da suka yi da dare kafin ki share: kore shar, ko fari mai ruwa, ko mai jini, duk saƙo ne. Sharar kuma ki tara ta a rami can gefe, taki ne mai kyau.

Dusa da tsaki kaɗai ba za su mayar musu da jini da gashin da suka rasa ba, gashi abinci mai gina jiki yake so. Ki ƙara musu da gara, da garin ƙuli-ƙuli kaɗan, da ƙaiƙayin busasshen kifi, da ganyen zogale. Ɓawon ƙwai ki gasa shi ki daka ki zuba musu a wani kasko daban, saboda ƙarfin ɓawon ƙwan da za su yi. Abincin da ya yi fumfuna kada ki ba su.

Sau ɗaya a mako, ranar Juma'a misali don kada ki manta, ki ɗauki kowacce a hannu da dare. Ki shafa ƙirjinta: idan ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, ta rame, ko da gashi ya rufe. Ki duba ƙarƙashin fiffike da jela. Ki duba yatsu da kyau, domin zaren ɗinki da gashin kitso da muke zubarwa a tsakar gida suna naɗe musu yatsa, su yi ta shiga nama har yatsan ya guntule. Na sha warware shi da allura da reza daga ƙafar ɗan tsako. Farce kuwa, kazar da ke tono da kanta take gyara abinta.

Hunturu yana tafe, kuma kin san lokacin ne ciwon nan da ke share kajin unguwa yake zuwa, wanda likitoci ke kira Niyukasil, wasu kuma fakat: kaza ta yi koren zawo, ta riƙa haki, wuya ya murɗe. Ba shi da magani idan ya kama. Ja-da-yalo da ake fasawa a ruwa da barkono ba sa kashe shi. Amma yana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, an yi shi ne domin kajin gida irin naki. Ɗigo ɗaya ne a ido, duk bayan wata 4, ga babba da ɗan tsako. Lafiyayyu ake yi wa, saboda haka ki bari su farfaɗo tukuna, amma kada ki bari sanyi ya shigo, domin yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya kama jiki. Kwalba ɗaya ta ishi kaji da yawa fiye da naki, kuma idan an haɗa ba a ajiye ta, to ki tara maƙwabta ku yi rana ɗaya, har da mai shawarar fiya-fiya. Kajinku tare suke kiwo, lafiyar nata lafiyar naki ce. Duk kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, ki ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikinsu. Idan kuwa kika wayi gari kaji suna faɗuwa da yawa lokaci ɗaya, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa, a sanar da malaman dabbobi. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba.

Saura maigida. 'Yata, yana da gaskiya a abin da ya gani. Uba ne ya tashi da dare ya ga 'ya'yansa suna susa, ba ƙin kajinki yake yi ba, kuma ba raina abin Inna ya yi ba. Kashin kaji ma a inda yaro ke rarrafe yana jawo gudawa, dole tsakar gida ta zama a share, a riƙa wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su. Kada ki je masa da kuka ko gardama. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki fara da cewa kin ga abin da ya dame shi kuma ke ma ya dame ki. Sannan ki ɗauki tocilar ki roƙe shi ya raka ki akurkin, ya ga ƙyallen da idonsa. Ki gaya masa ƙwarin a bango suke, sayar da kaji ba zai fitar da su ba, ko an sayar ko ba a sayar ba sai an rushe an yi sabon yaɓe. Ki ce kina neman izininsa a mayar da akurki ƙarshen gida, kuɗin aikin daga zakaranki zai fito, kuma ya ba ki mako 6. In bayan haka yara suna kwana da cizo, ke da kanki za ki rage su. Ki kuma faɗa masa abin da kika faɗa mini game da Inna, da irin kalmomin da kika rubuto. Mai yiwuwa bai taɓa sanin haka kike ɗaukarsu ba.

Zakara na biyun kuwa, tun kafin ki fara sa hoda, ki yanka shi ki yi wa gidan farfesu a daren da za ki yi maganar. Bayan mako uku ki sake goga farin ƙyalle a sandar sabon akurkin, ki rubuto mini abin da kika gani.